Darasi na 7: Zaɓen Na'urar Tace Iska ta Gida

Da safe, in rana ta ratso ta taga ta faɗo cikin ɗaki, ku tsaya ku dubi hasken nan da kyau. Za ku ga ƙura tana yawo a cikinsa, tana hawa tana sauka, ko da an share ɗakin an goge. A bugi matashin kai sau ɗaya, sai ta tashi kamar hayaƙi. Wannan da ido ke gani ita ce mai dama-dama, domin gashin hanci da majina suna tare mafi yawanta. Wadda ta fi cutarwa ido ba ya ganinta sam.

Masana suna auna ƙanƙantar ƙura da maikuron. A raba milimita ɗaya gida 1,000, kashi ɗaya shi ne maikuron. Kaurin silin gashin mutum ya kai kamar maikuron 70. Ƙurar da ake kira PM2.5 ba ta wuce maikuron 2.5 ba, wato sai an jera kusan guda 30 kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Tana fitowa daga hayaƙin girki, da taba sigari, da kyandir, da salansar mota, da ƙona shara. Saboda ƙanƙantarta takan wuce maƙogwaro ta zarce can ƙasan huhu, wani ɓangarenta ma ya shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2, akasari saboda hayaƙin girki da itace da gawayi da kananzir. Jarirai, da tsofaffi, da masu juna biyu, da masu asma ko ciwon zuciya su suka fi jin jiki.

Don rage wannan ƙura aka ƙera na'urar tace iska. Kafin mu yi maganar saye, bari mu buɗe ta mu ga cikinta, domin wanda ya san cikin abu ba a ruɗarsa da kwalinsa.

Mene ne a ciki?

Abu biyu ne kawai: fanka da mataci. Masu sayarwa suna ce wa matacin filta. Fankar tana zuƙo iskar ɗaki, iskar ta bi ta cikin matacin, ƙura ta maƙale, iskar ta fito ta ɗaya gefen. Shi ke nan. Fitilu masu launi, da rimot, da haɗawa da waya, duk ado ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na'urar ba ta sanyaya ɗaki kamar iyakwandishan, ba ta kuma ƙara wa iska danshi. Kada a haɗa ta da waɗancan.

A yawancin na'urori matacin hawa uku ne. Na farko raga ce mai tare gashi da zare da manyan ƙura. Na biyu shi ne babban, sunansa HEPA. Ku karanta haruffan nan huɗu har su zauna muku, H, E, P, A, domin su za ku fara nema a jikin kwali. Wata irin takarda ce mai kauri da aka yi da siraran zare, aka ninke ta ninki-ninki kamar mafici don ta sami faɗi. An fara ƙera irinta a shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don tare ƙura mai guba a wuraren binciken nukiliya. A ma'aunin Amurka, ba a kiran mataci HEPA sai yana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙura mai girman maikuron 0.3. An zaɓi wannan girman ne saboda yana cikin mafi wuyar kamawa. Wadda ta fi shi girma, da wadda ta fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, duk sun fi saurin maƙalewa. A ma'aunin Turai za ku ga an rubuta H13 ko H14. H13 yana kama kashi 99.95 cikin 100, kuma ya wadatar a gida.

A nan sai an lura. Wasu kamfanoni sukan rubuta "HEPA-type" ko "HEPA-like", ma'ana mai kama da HEPA. Kama da wane ba ta wane. In ba ku ga lambar 99.97 ko H13 ko H14 ba, ku ajiye kwalin.

Hawa na uku gawayi ne na musamman da aka sarrafa har ya zama da ƙananan ramuka birjik. Aikinsa shanye wari, kamar na fenti, ko na hayaƙi, ko na sabon kayan katako, domin HEPA ƙura yake kamawa, ba ya kama wari. In wari ne damuwarku, ku ɗaga matacin gawayin ku ji nauyinsa a hannu. In wani siririn baƙin soso ne da ake hango haske ta cikinsa, ba zai jima ba zai cika. Mai amfani shi ne mai nauyi, wanda in an girgiza za a ji ƙwayoyin gawayi suna motsi.

Ku auna ɗaki kafin ku fita

Wannan shi ne zuciyar darasinmu, kuma nan ne mutane da yawa suke yin asara. Mataci ko ya kai yaya kyau, in fankar ba ta da ƙarfin da za ta zagaya da iskar ɗakin, aikin banza ne. Ƙaramar na'ura a babban falo kamar kwashe ruwan tafki ne da cokali.

Lambar da ke nuna ƙarfin na'ura ita ce CADR. Tana faɗin yawan tatacciyar iskar da na'urar ke fitarwa. Sau da yawa ana rubuta ta da mita kubik a awa, alamarta m³/h. Mita kubik ɗaya shi ne cikin akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya.

Ku ɗauko tef ɗin awo da fensir. A ce tsawon ɗakin kwana mita 4 ne, faɗinsa mita 3, daga ƙasa zuwa silin mita 3. Sai mu ce 4 sau 3, 12. Sannan 12 sau 3, 36. Ke nan iskar da ke cikin ɗakin mita kubik 36 ce. Abin da ake so shi ne na'urar ta tace iskar ɗakin gaba ɗaya kamar sau 5 a awa guda. To, 36 sau 5 ya ba mu 180. Wannan ɗaki yana buƙatar na'ura mai CADR 180 ko sama da haka. Ku rubuta lambar a takarda ku sa a aljihu. Zuwa saye ba tare da ita ba sayen kifi ne a ruwa.

Wasu kwalaye, musamman na kayan da aka yi don kasuwar Amurka, suna rubuta CADR da ƙafa kubik a minti, alamarta cfm. In kun ga haka, ku ninka lambar sau 1.7, za ta koma mita kubik a awa. Misali cfm 100 daidai yake da 170. In kuma kun ga lambobi uku a jere, na hayaƙi da na ƙura da na garin furanni, ku yi aiki da na hayaƙi, domin shi ne mafi ƙanƙanta.

Akwai abin da mai sayarwa ba lallai ya gaya muku ba. Ana auna CADR ne lokacin da fankar ke gudu a matakin ƙarshe, kuma a wannan matakin na'urori da yawa suna da ƙara. Ba wanda zai iya barci da gurnani a kansa, sai a rage ta zuwa matakin farko, a nan kuwa iskar da take tacewa ta ragu ƙwarai. Shawarata, in da hali, ku sayi wadda ta ɗan fi ƙarfin ɗakinku, don ta yi aikin da ake so a matakin tsakiya cikin natsuwa. Ana auna ƙara da desibel, alamarsa dB. Desibel 30 kamar raɗa ne, 60 kuwa kamar hirar mutane ce a kusa. Ku ce a kunna muku ita ku saurara da kunnenku, a kowane mataki.

Kada ku dogara da rubutun da ke cewa na'urar ta isa ɗaki mai girma kaza. Wasu suna yin wannan lissafi ne a kan tace iska sau ɗaya ko sau biyu kacal a awa. Kwalin da ba a rubuta CADR a jikinsa ba kuwa, ni ba na amincewa da shi.

Kuɗin da ke biyo baya

Mataci yana cika. Masu ƙerawa sukan ce a sauya HEPA bayan wata 6 zuwa 12, amma inda ƙura ko hayaƙi suka yi yawa ba ya kai haka. Saboda haka tambaya ta farko bayan CADR ita ce: ana samun matacin wannan na'ura, kuma nawa ne? Ku haɗa kuɗin mataci na shekara biyu da kuɗin na'urar, sannan ku gwama da wata. Sau da yawa mai arahar ita ke komawa mai tsada. Na'urar da ba a samun matacinta kuwa, bayan shekara ta zama fanka kawai.

Na'urar ba ta cin wuta sosai. Mai wat 40 in ta kwana ta wuni tana aiki, 40 sau 24 ya ba da 960, wato kusan yunit ɗaya a rana. Ku duba ƙarfin wutar da aka rubuta a bayanta. Wasu na volt 110 zuwa 120 ne, wasu na 220 zuwa 240. In bai dace da na gidanku ba, tana iya ƙonewa ranar farko.

Abin da za a guje wa

Akwai na'urorin da ake tallatawa da cewa suna kashe wari da ƙwayoyin cuta ta hanyar fitar da wata iska mai suna ozon. Warinta kamar wanda ake ji kusa da injin fotokofi ne in ya jima yana aiki. Wasu suna jin warin su ɗauka alamar tsabta ce. Ozon yana ƙona hanyoyin numfashi, yana kawo tari, yana tayar da asma. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana sayar da na'urar ɗaki wadda ozon ɗinta ya wuce kashi 0.05 cikin miliyan. Ina roƙonku, kada ku kunna irin wannan a ɗakin da mutum yake, balle yaro. Wasu na'urori masu HEPA suna zuwa da ƙarin maɓalli da aka rubuta "ion" a kansa, wanda shi ma yana iya fitar da ɗan ozon. In ana iya kashe shi, ku bar shi a kashe.

Sai magana mafi nauyi. Na'urar tace iska ba ta kama kabon monoksayid, iskar nan mai kisa da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke fitowa daga janareta da garwashin gawayi. Ko na'ura goma aka jera, kada a kunna janareta a cikin gida, kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Haka kuma na'urar ba ta ƙara sabuwar iska. Lokacin girki a buɗe taga, mai shan taba ya fita waje, bangon da ya yi fumfuna a gyara yoyon da ya jiƙa shi. Mai asma kuma ya ci gaba da shan maganinsa yadda likita ya tsara.

In an kawo ta gida

Na taɓa ziyartar wata 'yar'uwata da ta saya wa ɗanta mai asma na'ura. Ta ce mini, "Yaya, wata biyu ke nan tana aiki dare da rana, amma tarin yaron nan yana nan." Muka cire ta daga soket, muka buɗe murfin baya. Ga mataci nan fari sol, a nannaɗe cikin ledarsa kamar yadda ya fito daga kamfani. Wata biyu fankar tana juyawa, iska ba ta ratsa shi ba ko sau ɗaya. Muka yage ledar muka mayar. Da na koma bayan 'yan makonni, ragar gaba ta yi toka-toka, na sa yatsa na shafo ƙura kamar auduga. Ranar na ga hankalinta ya kwanta. Don haka aikin farko shi ne a buɗe a cire leda.

A sa ta a ɗakin da aka fi daɗewa, wato ɗakin kwana, tunda kusan kashi ɗaya cikin uku na yini a nan muke yinsa. A bar tazarar kamar taku ɗaya tsakaninta da bango, kada labule ko kujera su toshe mata baki. A rufe ƙofa da taga lokacin da take aiki, in ba haka ba iskar waje za ta yi ta tacewa ba iyaka. A bar ta a kunne muddin akwai mutum a ɗakin, domin da an kashe ta, ƙura za ta sake taruwa. Ragar gaba a kakkaɓe ta ko a wanke duk bayan mako biyu zuwa huɗu, a bari ta bushe sarai. HEPA kuwa ba a wanke shi da ruwa sai in takardar na'urar ta ce ana yi, domin ruwa yana lalata zarensa. Ranar da kuka sa sabo, ku rubuta kwanan wata a gefensa da biro.

Wanda bai da halin saye, akwai dabarar da wasu Amurkawa biyu, Richard Corsi da Jim Rosenthal, suka fito da ita a 2020 lokacin annobar korona. Ana haɗa matatai huɗu masu lambar MERV 13, wato lambar da ke nuna ƙarfinsu na kama ƙura, su zama akwati, a ɗora fanka mai kusurwa huɗu a sama tana hura iska sama, a toshe ƙasan da kwali, a like duk gaɓoɓin da salatif. Tana da ƙara, ba ta da kyan gani, amma tana tace iska mai yawa.

Aikin gida

Wani falo tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4, tsayinsa mita 3. An kawo na'ura biyu. A kwalin ta farko an rubuta H13 da CADR 200 m³/h. A na ta biyu an rubuta H13 da CADR 190 cfm. Ku lissafa wadda ta isa falon. Bayan haka ku auna ɗakin da kuke kwana, ku rubuta tsawo da faɗi da tsayi a littafinku, ku fitar da lambar CADR da yake buƙata, ku zo da ita aji na gaba.