Filashin kwastoma da kwamfutar shago

Jama'a, musamman masu shagon buga takardu a Garwa da Marwa, ku yi hattara da filashin kwastoma, ta nan ƙwayar cuta ke yawan shigowa kwamfuta. Alamarta: ka buɗe filashi ka tarar fayiloli sun koma masu 'yar kibiya a gefe, nauyinsu KB 1 ko 2 kacal. Kada ka danna ko ɗaya, dannawar ce ke sakin cutar. Fayilolin na asali suna nan, ɓoye su aka yi. Sa Microsoft Defender, manhajar kashe cuta da ke zuwa da Windows, ya binciki filashin tukuna, sannan ka buɗe CMD, wurin rubuta wa Windows umarni, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ka sauya E da harafin da kwamfutar ta ba filashin. Za su fito, sai ka goge masu kibiyar.

Yaron shago a buɗe masa asusu marar ikon admin, don kada ya girka manhajar sata. Sau da yawa cutar a cikinta ake cusa ta.

Kowace Juma'a kwafe aikinka a faifan waje, ka zare shi ka sa a durowa. In ka bar shi a jone, cutar neman fansa, wadda ke kulle fayiloli ta ce sai an biya kuɗi, za ta iya kulle shi tare da kwamfutar.