Kurakuran da Ke Kashe Labarin Nadama da Kome

Cikin labaran da matasan marubuta na Zariya ke saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, akwai jigon da ya yi kasuwa: mutum ya ɗauki wata hanya, ya zo yana cizon yatsa, sai Allah ya sake buɗe masa ƙofa. Jigo ne mai taɓa zuciya, shi ya sa yake ba ni takaici in ga an ɓata shi.

Babban kuskure shi ne mayar da zaɓin farko wauta tsagwaronta. Yarinya a Tudun Wada ta ƙi malamin makaranta mai natsuwa, ta auri mai kuɗin da tun a shafi na uku aka nuna mana mashayi ne. In ta zo tana kuka, mai karatu cewa zai yi ita ta jawo wa kanta. Gyaran shi ne a ba ta hujjar da ko mu ne za mu yi jim. Mahaifinta na kwance a asibitin Shika, takardar magani na hannun yayanta ya rasa inda zai nufa, ga ƙanne uku an koro su daga makaranta. Mai kuɗin kuma kada a mai da shi dodo. A bar shi mutumin kirki, yana sauke nauyin gida, sai dai ko kusa bai san abin da ke ranta ba. Nadamar wadda ta yi abin da ya dace, amma ta rasa abin da take so, ita ce ke hana mai karatu barci.

Sai maganar kome, wato mayar da aure bayan saki, inda jahiltar fiƙihu ke kunyata marubuci. A saki ɗaya ko biyu, miji na iya mayar da matarsa cikin idda ba tare da sabon ɗaurin aure ba. In idda ta cika, sai da yardarta, da waliyyi, da sabon sadaki. In kuwa saki uku ne, aya ta 230 a Suratul Baƙara ta rufe zancen: sai ta auri wani aure na gaskiya, sun rabu don kansu. Amma za ka ga jarumi ya yi saki uku da safe, da la'asar ya tura kawunsa biko. Ko a shirya auren kisan wuta a nuna shi kamar dabarar masoya, alhali haramun ne. A garin da ko wace unguwa ke da zauren karatu, wannan ba zai wuce ba. Kafin ka rubuta babin, je ka zauna gaban malami ka ce, "Allah gafarta Malam, ga mas'ala."

Abin da ya fi damuna shi ne dama ta biyu da ake bayarwa kyauta. Shekara goma sun shuɗe, amma aka dawo aka tarar da komai na jira. Rayuwa ba ta haka. Uwar da jarumi ya yi wa laifi ta rasu bai nemi gafararta ba. Akwai amaryar da ta shigo bayan fitar uwargida, ita ma da zuciyarta da 'ya'yanta. Ɗan da ya bari a goye ya girma a gidan kaka, ranar da suka haɗu sai yaron ya durƙusa daga nesa ya ce, "Ina wuni," irin gaisuwar da ake yi wa baƙon Baba, ya tashi ya koma wajen ƙwallonsa. Wannan gaisuwar ta fi shafi biyar na hawaye. A rage kuka da dogon wa'azi, a bar abin da ya salwanta ya tsaya a salwance.

Masu mayar da jarumi shekarun baya kuma su kula da zamani. Kada budurwar 1998 ta tura saƙon tes, domin wayar salula ta GSM sai a 2001 ta zo Najeriya. Wasiƙa ake ba ƙane ya kai. Kada a miƙa wa ɗan acaɓa 'yar dubu, don ba ta fito ba sai 2005, kuma a 1998 naira 50 ce babbar takarda. Zama ɗaya da tsofaffin jaridu a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru, ko hira da gwaggonka, zai raba ka da wannan.

Akwai kuma aƙida. Masu karatunmu sun san hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa faɗin "da na yi kaza, da kaza ta faru" na buɗe wa Shaiɗan ƙofa, sun kuma san ayoyi na 99 da 100 a Suratul Mu'minun, inda mai roƙon a mayar da shi duniya ba ya samu. Don haka wasu ke tserewa ta hanyar mafarki: a shafin ƙarshe sai a ce ashe barci yake. Wanda ya sayi data ya bi ka har babi na arba'in zai ji an yaudare shi. In mafarki ne ko doguwar suma, a nuna alama tun farko, kuma in ya farka ya tarar da aiki a gabansa: bashin da zai biya, ko ƙofar gidan surukai a Kwarbai da zai je ya yi sallama, ba tare da ya san ko za a amsa ba.