Kurakuran da ke ɓata saƙa da ɗinkin gida

Da Nuwamba ta kama a Yamai, sai mata su cika Babbar Kasuwa da Wadata neman ulu, kowace na son gama hula da safar jariri kafin hunturu ya kankama. Gaggawar nan ce ke jawo yawancin ɓarnar da nake gani.

Wadda ta fi damuna ita ce fara saƙa ba gwaji. Hannu ba ɗaya ba ne, wata tana tsuke zare, wata tana sakinsa. Ƴar'uwa, fara saƙa ɗan ƙyalle mai faɗin santimita 10, ki ƙidaya idanun, wato madaukan zaren, da suka shiga ciki, sannan ki yi lissafin hular. Kan sabon jariri yakan kai santimita 34 zuwa 35. In layin farko ya yi tsauri, bakin hular zai bar shaida a goshin yaro, don haka ki ɗora shi da allura mai ɗan kauri. Ki kuma riƙa ƙidaya a ƙarshen kowane layi. Ido ɗaya ya zame, gara ki warware nan take da ki gano shi bayan kin yi nisa.

Ulun ma ki saye shi gaba ɗaya, mai lambar rini ɗaya, tana jikin takardar da aka naɗe shi. Shuɗin yau da na mako mai zuwa sukan bambanta, sai a rana ake gani. In na roba ne, kada dutsen guga mai zafi ya taɓa shi, narkewa yake yi.

Wajen ɗinki kuwa, atamfa auduga ce, tana tsukewa a wankin fari. Ki jiƙa ta, ta bushe, ki goge, kafin almakashi ya shiga, in ba haka ba rigar matashin kai ta ƙi shiga bayan wanki. Ki bar santimita 1,5 a kowane gefe saboda ɗinki. Labule kuma ya ninka faɗin taga sau ɗaya da rabi ko biyu, shi ne zai yi tattara mai kyau.

Keke in yana tsallake ɗinki, tun kafin a kira mai gyara ki canja allura, lamba 14 ta ishi atamfa. Ki share ƙurar da ta taru ƙarƙashin farantin allura, ki ɗiga man keke. Man gyaɗa daskarewa yake yi, ya riƙe ƙura, ya ƙara wa keken nauyi.