Yadda ake ɓoye taskar jiyokashin a Legas ba tare da ta lalace ba

Jiyokashin wasa ne da ake ɓoye ƙaramar roba mai ɗauke da littafin sa hannu, wato taska, a wallafa lambobin GPS na wurin a intanet, wasu su bi da waya su nemo ta. Yawancin taskokin da sababbin 'yan wasa ke ɓoyewa a garin nan ba sa kai ƙarshen damina. Ko dai ruwa ya shiga ya mai da littafin sa hannu kamar burodin Agege da aka tsoma a shayi, ko baban bola ya yi gaba da robar, ko kuma mai gadi ya hangi baƙo yana laluben katanga ya tara masa jama'a. Duk ana iya kauce musu tun kafin a fita daga gida.

Wasan ya faro ne a watan Mayun 2000, bayan gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da farar hula ke amfani da ita. Wani mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a dajin jihar Oregon, ya wallafa lambobin wurin, mutane suka bi suka gano. Shi daji ya samu. Mu kuwa gari muke ciki wanda babu lungun da ba idon mutum, ga ruwan sama ga laima. Shawarar da za ka karanta daga Turai da Amurka sai ka tace ta kafin ka yi aiki da ita a nan.

Kafin komai, je ka nemo na wasu. Shafin Geocaching.com yana ba da shawarar mutum ya gano taska 20 kafin ya ɓoye tasa. A Legas ba su da yawa irin na can, to ka bi iya waɗanda ke akwai, ka duba wacce ta jiƙe da wacce ta tsira, ka tambayi kanka dalili.

Sai zaɓen wuri, kuma ka fara da inda ƙafarka ke bi kullum. Mutumin da ke zaune a Agege ko Mile 12 ya tafi ya ɓoye taska a Lekki ko Tarkwa Bay don wurin ya burge shi ranar hutu, ba zai koma ba. Gosulo da kuɗin mota za su hana shi, rahoton lalacewa ya yi wata biyu babu amsa. A wajena, wurin da ba za ka iya leƙawa bayan la'asar ka dawo gida kafin isha'i ba, ba naka ba ne.

Dokokin shafin a fili suke. Dole a samu tazarar mita 161 tsakanin taskarka da ta wani. Ba a haƙa rami a binne, ba a buga ƙusa a jikin bishiya. Ba a zuwa kusa da barikin soja, filin jirgin sama, makaranta, layin dogo ko ƙarƙashin manyan gadoji. Wannan kaɗai ya cire maka kewayen filin jirgin Murtala Muhammed, da barikin Ikeja, da Dodan Barracks wajen Obalende, da layin dogon da ya ratsa Agege. Kada ma ka gwada, don wanda zai zo nema da waya a hannu yana leƙe-leƙe shi zai kwana a ofishin 'yan sanda.

Akwai kuma abin da dokar ba ta faɗa ba amma kowa a nan ya sani. Mutumin da aka gani yana cusa wani ƙunshi a kogon bishiya ko a mararraba, asiri za a ce yana binnewa. Shi ya sa neman izini a Legas ya wuce cika ƙa'ida. Idan lambun gwamnati ne irin Muri Okunola a Victoria Island ko Johnson Jakande Tinubu a Alausa, hukumar LASPARK ce ke kula da su, ita za ka tuntuɓa. Idan rukunin gidaje ne, shugabannin unguwar. Bayan ka samu izinin mai wuri, ka koma wajen wanda ke kwana ya tashi a gurin, wato mai gadi. Ka yi masa sallama, ku gaisa sosai, sannan ka buɗe robar a gabansa:

"Baba, ga abin da ke ciki, littafi ne da fensir. Wasa ne na neman ɓoyayyen abu da waya. Baƙi za su riƙa zuwa jefi-jefi, su rubuta sunansu su mayar."

"To yaro, ba dai wani abin da zai ja min magana ba ko?"

Ka bar shi ya juya ta da hannunsa, ka nuna masa shafin a waya. Taskar da mai gadi ya san da zamanta ta fi kowacce daɗewa. Sai dai kada ka ajiye ta cikin shago ko teburin mai shayi inda sai an yi ciniki za a kai gare ta, shafin ba ya karɓar taska mai kama da talla.

Ruwa kuwa ka karanta shi a jikin katanga. Kusan kowace katanga a unguwannin da ke ambaliya tana da layin datti da ke nuna inda ruwa ya tsaya bara. Taskarka ta kasance sama da wannan layin da kamu biyu ko fiye. Wanda ya ɓoye a watan Janairu, ƙasa a bushe, yakan manta yadda wurin zai koma a Yuni da Yuli, lokacin da kwata ke tumbatsa.

Mazubi shi ne inda aka fi faɗuwa. Robar da ake zuba shinkafa a gidan abinci ba mazubi ba ce, rana ɗaya za ta tsage. Gwangwanin madara ko na Milo tsatsa zai yi, murfin ya like, ga shi ƙarfe ne, abin da 'yan bola ke nema ke nan. Akwatin harsashi da 'yan wasan Amurka ke yabo, da guntun bututun famfo mai murfi a kowane gefe, waɗannan a ƙasar nan ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Duk wanda ya gani bam zai ce.

Abin da ke aiki shi ne robar abinci mai kauri, mai maƙalai huɗu da zoben roba a bakin murfi. Za ka same ta a Balogun ko wajen masu kayan kicin a kowace babbar kasuwa. Ta fi ta banza tsada, amma sau ɗaya za ka saya. Idan ƙaramar taska kake so, robar magani mai murfin murɗawa ta isa, a wanke ta tas har warin ya fita. Ka fi son mai haske wadda ake hango cikinta, hankalin mutane ya fi kwanciya da ita.

Kada ka yarda da murfi sai ka gwada shi. Sa tishu a ciki, rufe, danna robar cikin bokitin ruwa ka ɗora dutse, ta kwana. Da safe in tishun ya yi ko da danshi ne, nemi wata. Ko wadda ta ci jarrabawar ma tana haɗa gumi a ciki saboda laimar Legas, don haka littafin ya shiga leda mai zif, tare da ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Fensir za ka sa, guntu, ba biro ba, tawada narkewa take yi. A bayan robar ka rubuta da Turanci da Yarbanci cewa kayan wasa ne, ba shara ba.

Abinci ba ya shiga. Na ga masu kyakkyawar niyya suna sa dabino, alewa ko goro don mai zuwa ya samu abin taɓawa. Tururuwa da ɓeraye su ke fara zuwa, ɓera kuma huda roba yake yi. Sabulu da turare ma haka, ƙamshi ke jawo su. Maɓallin ado, tsohon kwabo, ɗan abin wasan yara, sun wadatar.

Lambobin wuri ka ɗauke su kana tsaye a kan taskar, ka ba wayar minti biyu ta nutsu. Ka yi nisa ka dawo ka sake ɗauka, gobe ma ka sake, sannan ka ɗauki na tsakiya. Tsakanin dogayen benayen Marina da Broad Street sigina na yawo sosai, a irin wurin sai ka ƙara da bayani mai kyau a gurbin alama, wato inda shafin ke ba ka damar rubuta wa mai nema ɗan abin da zai taimaka masa. Lambobin Legas suna farawa da N 06 da E 003, kuma shafin digiri da minti yake amfani da su. Masu kwafowa daga Google Maps su liƙa yadda suka gani sukan tura mutane wata unguwa dabam. Lambar ƙarshe guda ɗaya kusan mita 2 ce a ƙasa, ka duba sau biyu.

Sai ka cika shafin taskarka a Geocaching.com: girman mazubi, wahalar nema da wahalar hanya daga 1 zuwa 5, da lokutan da ake buɗe ƙofa in wurin ana rufewa. Robar ta riga ta kasance a wurinta kafin ka tura. Mai tantance taskar kafin a wallafa ta ɗan sa-kai ne, ka faɗa masa wanda ya ba ka izini da yadda ka ɓoye, yawanci cikin mako guda zai duba.

Kulawa ba ta da wuya in wurin na kusa. Leƙa bayan kowane babban ruwa, da kuma duk lokacin da mutum biyu a jere suka rubuta cewa ba su samu ba. Tafi da sabon littafi da leda a aljihu. In ta ɓata ko ana gini a wurin, dakatar da shafin taskar, ka gyara cikin mako 4. Masu tafiya gida Babbar Sallah ko noman damina su bar wa wani amintacce ya riƙa dubawa. Idan kuma ka tashi daga Legas gaba ɗaya, ka miƙa taskar ga wani ɗan wasa ta shafin, ko ka rufe ta, ka je da kanka ka ɗauke robar, ka yi sallama da mai gadin.