Kafin ka biya harajin gida, ka sa a buɗe maka rajista

Na yi aikin akawu a sashen kuɗin shiga na wata ƙaramar hukuma a nan Sakkwato. Shawarar da nake ba masu gidaje ita ce, kada hannu ya shiga aljihu sai ido ya ga sunan gidan a rajista.

Fara da sanin ofishin da za ka. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma aikin kimanta gidajen jama'a domin haraji, majalisar dokokin jiha kuma ita ke tsayar da ƙa'idar biyan. Kuɗin ƙasa da ke bin takardar shaidar mallaka daban ne, na gwamnatin jiha ne. Garin kuma ya buɗe, mai gida a Arkilla sakatariyar Wamakko zai nufa, ba ta Sakkwato ta Arewa ko ta Kudu ba.

Riƙe takardar cinikin gida ko ta mallaka, tare da tsofaffin rasit. In an buɗe littafin, duba suna, unguwa, lambar gida, da yadda aka siffanta ginin. Gidan zama ne aka rubuta ko na haya? Shaguna nawa?

Gidan gado shi ne mai wahala. Tsoho ya rasu, an yi rabo a gaban alƙali, kowa ya ja katangarsa ya fitar da ƙofa, amma a littafi gida ɗaya ne da sunan marigayi. Bashi na ta taruwa, ranar da wani ya tashi sayar da kasonsa sai rigima ta ɓalle tsakanin 'yan'uwa. Kai takardar rabon gado da shaidar mai unguwa, ka rubuta buƙatar a raba sunayen, ka ajiye kwafi mai hatimi.

Akawu fa mai tsaron littafi ne. Nasa ya rubuta daidai, ya nuna maka, ya yanka rasit. Rage kuɗin da aka yanka wa gida ya fi ƙarfinsa. Wanda ya ce maka "Alhaji, kawo rabi in gyara maka", aljihunsa zai gyara, bashinka na nan. In kana ganin an yi maka tsada, rubuta ƙorafi zuwa ga shugaban sashen.

Dokar haraji ta 1998 ta hana kowa karɓar haraji in ba hukumar da ke da alhakinsa ba. Saboda haka in an zo ƙofarka da takarda, nemi katin shaidar aiki, rasit ɗin kuma ka tabbata yana da lamba, hatimi, da shekarar da ka biya wa.