Yadda Ake Rubuta Sharhin Manga da Fina-finan Katun na Jarumai

Yawancin abin da ake kira sharhi kan littattafan labarin zane da fina-finan katun, maimaita labari ne kawai: wane ya doke wane, bos ya mutu, jarumi ya samu sabon ƙarfi. Wanda ya riga ya gani bai ƙaru da komai ba, wanda bai gani ba kuma an ɓata masa daɗin. Shi mai neman sharhi abin da yake son ji shi ne, ko aikin ya cancanci lokacinsa da kuɗinsa, da kuma dalili.

Da farko ka bi aikin sau biyu. Karon farko don jin daɗi, na biyu da biro a hannu. Idan manga ce, wato littafin labarin zane na Japan, kuma ba ka saba ba, daga dama ake farawa a nufi hagu, shafi da gidajen zanen (akwatunan da aka raba shafi da su) duka. Wanda ya karanta a baibai zai ga amsa kafin tambaya, ya ɗora wa marubuci laifin da ba nasa ba. Sannan ka faɗi iyakar abin da ka karanta. One Piece na Eiichiro Oda tun 1997 yake fitowa, ya haura babi dubu. Wanda ya karanta juzu'i uku ya ce juzu'i uku yake sharhi a kai, kada ya yanke wa labarin duka hukunci.

Mataki na biyu, ka san aikin waye. A manga sau da yawa mutum guda ne ke tsara labari ya kuma zana, da taimakon mataimaka, amma ba kullum ba: Death Note Tsugumi Ohba ne ya rubuta, Takeshi Obata ya zana. A littattafan Amurka irin na Marvel da DC kuwa aikin rabe yake, akwai marubuci, akwai mai zanen fensir, da mai bin zanen da tawada, da mai zuba launi, da mai rubuta maganganu. Idan launi ne ya burge ka, mai launin za ka ambata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Batman ya fara fitowa a 1939, amma sai a 2015 aka fara sa sunan Bill Finger kusa da na Bob Kane, wanda a da shi kaɗai ake ambata, a matsayin wanda suka ƙirƙiro Batman tare, alhali Finger ya rasu tun 1974. Mai sharhi bai kamata ya ƙara wa irin wannan rashin adalci ba.

Na uku shi ne zanen kansa, kuma a nan ne akasarin masu sharhi ke tsallakewa da "zanen ya yi kyau" su wuce. Rabin labarin a cikin zane yake. Ka ɗauki shafi guda ka zura masa ido. Gidaje nawa aka raba shi? Ƙananan gidaje a jere suna sa ido ya yi sauri, shi ya sa ake yawan amfani da su a wurin faɗa ko ruɗani. Babban gida ɗaya da ya cinye shafi yana tsayar da mai karatu cak. Ka lura da abin da aka ajiye a gidan ƙarshe na shafi, domin gwanin mai zane yakan ɓoye abin mamaki sai an juya takarda. Ka duba faɗan: za ka iya gane inda kowa yake tsaye, da wanda ya kai naushi da inda ya sauka, ko kuwa layuka ne kawai suka cakuɗe? Manga galibi baƙi da fari ce, don haka ka kula da yadda aka sarrafa inuwa da farin fili. Ka kuma gwada rufe maganganun da yatsa ka kalli fuskokin kaɗai. In ka gane mai fushi da mai tsoro ba tare da rubutu ba, mai zanen ya iya aikinsa, kuma yanzu kana da hujjar da za ka nuna.

Idan fim ne, motsi da murya sun shigo. Fim yakan nuna hoto 24 a daƙiƙa guda, amma masu katun sukan bar zane ɗaya ya tsaya na hoto biyu, ya zama zane 12 ke nan. Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018 ya yi amfani da wannan da gangan, ya haɗa da ɗige-ɗigen launi irin na tsofaffin littattafan da aka buga, don ya zama kamar shafi ne ke motsi, kuma ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin katun. Irin wannan zaɓi shi za ka nemo ka tambayi amfaninsa ga labarin. Ka kuma faɗi yadda ka kalla, da muryoyin asali da fassara a ƙasan allo, ko da muryoyin da aka ɗora daga baya, domin hukuncin murya ya danganta da wannan.

Sai kwatanta fim da littafin da aka ciro shi. A ganina, "ba haka yake a littafi ba" ba suka ba ce sai an nuna abin da canjin ya ɓata. Katun ɗin Fullmetal Alchemist na 2003 ya rabu da labarin marubuciyar mangar, Hiromu Arakawa, saboda lokacin ba ta gama rubuta mangar ba, na 2009 mai suna Brotherhood kuma ya bi littafin. Kowannensu da ma'auninsa ya kamata a auna shi.

Kada ka fasa ƙwai. Ka tsaya a kan mafarin labari, in kuwa dole sai ka taɓo ƙarshe, ka yi gargaɗi a sarari kafin ka shiga. Gargaɗi na biyu ya fi wannan muhimmanci: kasancewar abu zane ba ya nufin na yara ne. A Japan ana kasa manga gwargwadon masu karatu, shonen na samari matasa, shojo na 'yan mata, seinen da josei na manya. Berserk seinen ne mai zubar da jini sosai, haka ma katun ɗin Invincible na Amurka. Iyaye na karanta sharhi kafin su bar yaro ya kalla, saboda haka ka faɗi abin da ke ciki ƙarara.

In za ka haɗa da labarai, kamar ranar fitar sabon fim ko dakatar da wata manga, ka nemo sanarwar daga kamfanin da ke bugawa, irin su Shueisha ko Marvel ko DC. Abin da ba daga can ya fito ba ka kira shi jita-jita, ko ka bar shi.

A wajen rubutawa, ka sa hukuncinka a sakin layi na farko, sannan hujjoji biyu ko uku, kowacce da shafi ko fitowar da ka gani da idonka. Maki takwas cikin goma ba ya gaya wa kowa komai shi kaɗai. Ka ce wa aikin zai yi wa daɗi, wa zai gundura, kuma in labarin mai tsawo ne, daga wane juzu'i ya fara armashi.