Maganin kitsen jini: kurakuran da ke cin kuɗi, su ci lafiya

Ni ke sayo wa mahaifiyata magani a Yamai, sai in ba wa direba ya kai mata Tawa. Iri huɗu take sha: biyu na hawan jini, ɗaya na suga, ɗaya na kitsen jini, wato kolestarol. Bara da na je gida, sai na tarar da kwalayen na kitsen jinin jere a cikin kwano ƙarƙashin gado, ko ɓare su ba a yi ba. Na ce, "Inna, me ya faru?" Ta ce, "Ɗan nan, wannan ban ga abin da yake yi mini ba. Ka daina ɓarnar kuɗinka."

Kuskuren da ya fi kowanne yawa ke nan, shi ne kuma ya fi ba ni tsoro. Kitsen jini ba ya sa zazzaɓi ko ciwon kai. A hankali yake taruwa a bangon hanyoyin jini, sai ranar da mutum ya faɗi da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Aikin maganin shi ne rage kitsen da hanta ke haɗawa, in an bar shi kuwa cikin ƴan makonni abin ya koma yadda yake. Wanda awonsa ya yi kyau, maganin ne ke aiki, ba warkewa ya yi ba.

Sai maganar kuɗi, inda kunya ke cutar da mu. Mutum zai karɓi takardar likita, a faɗa masa farashi a farmasi, ya ce zai dawo, shi ke nan. Alhali Tahor atorvastatine ne, Crestor rosuvastatine ne, Zocor kuma simvastatine, duk suna da jenerik mai sauƙin kuɗi, sinadarin ɗaya. Ka buɗe baki ka ce wa likita, "Ba ni da halin wannan kowane wata, a rubuta mini sunan sinadarin." A farmasi ma ka tambaya, ka leƙa har na ONPPC, wato ofishin gwamnati mai sayar da magunguna. Rashin sanin sunayen nan na jawo wata matsalar: wani yana shan Tahor da atorvastatine tare, yana zaton magani biyu ne. Ya biya sau biyu, ya sha ninki. Shi ya sa ranar ganin likita nake cewa a zuba duk abin da ake sha a leda a tafi da shi, har da na gargajiya.

Araha kuwa ba ta kai a saya wurin mai talla a tasha ba. Kwalin na cewa kada zafi ya wuce digiri 25 ko 30, maganin mai tallan kuma ya wuni a rana cikin Afrilu, lokacin da Tawa ke haura 40, ban da jabu.

Wasu na tsallake kwana ko su raba ƙwaya don kwali ya kai ƙarshen wata. Wannan shawara ce ta likita, ba ta aljihu ba. Simvastatine da dare ake sha. Atorvastatine kowane lokaci, muddin kullum ne. Da azumi a mayar bayan buɗa baki.

Ciwon tsoka na samun wasu. Kada a bari a yi shiru: likita na iya rage ƙarfin maganin ko ya canza wani. In ciwon ya yi tsanani, fitsari ya koma kalar shayi, a ranar za a tafi asibiti. Duk wanda zai rubuta maka wani magani, musamman clarithromycine, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka gaya masa kana shan na kitsen jini. Mai ciki ko mai neman haihuwa ta fara faɗa wa likita.

Inna dai mun koma da ledarta wurin likita, ya mayar da ita kan jenerik. Yanzu ƙanwata ce ke miƙa mata ƙwayar bayan sallar isha'i, in kwali ya rage saura mako guda ta kira ni.